Tambayoyinku kan fasaha: tara ayyuka masu kama da juna a yi su a zama ɗaya

Tambaya: Malam, barka da ƙoƙari. Aikin sakatariya nake yi. Tun da na zauna da safe hannuna ba ya barin madannai: in amsa imel, in duba WhatsApp ɗin ofis, in buga wasiƙa, in ɗaga waya. Amma lokacin tashi sai in tarar rahoton da aka ba ni ko rabi bai kai ba. Kwamfutar ce ta yi nauyi, ko akwai manhajar da zan sauke ta taimaka mini?

Amsa: Malama, yadda kika zayyana lamarin ban ga laifin kwamfutar ba, kuma ba sai kin sauke komai ba. Abin da ke cinye miki yini shi ne yawan tsalle daga wannan aiki zuwa wancan. Duk sanda kika bar rahoto a tsakiyar jimla kika leƙa imel, in kin dawo hankalinki ba ya dawowa tare da ke nan take. Sai kin sake karanta sakin layin da kika rubuta, kin tuna inda kika dosa, kin lalubo lambar da kike shirin sawa. Minti ɗaya kika yi a imel ɗin, amma asarar ta wuce minti ɗaya nesa ba kusa ba. Taura biyu dai ba ta taunuwa.

Masana sun daɗe suna bibiyar wannan. A 2009 wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna cewa in mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yana maƙalewa a na farkon, sai ya kasa ba na biyun haƙƙinsa. Ita kuma Gloria Mark ta Jami'ar California da ke Irvine a Amurka ta yi shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikaci ke tsayawa a kan abu ɗaya a allo kafin ya juya. A 2004 kusan minti biyu da rabi ne, a 2012 ya sauko daƙiƙa 75, daga baya ya koma wajen daƙiƙa 47. Ashe ba ke kaɗai ba ce.

Maganin shi ne ki kasa ayyukanki gida-gida, kowane gida da lokacinsa. Amma ki lura da ma'aunin kasawar, don nan ne mutane ke kuskure. Ba wanda ya ba ki aikin za ki duba ba, ba kuma sanda ya iso ba. Ki duba irin tunanin da aikin ke buƙata da kayan da ake yinsa da su. Amsa imel, amsa WhatsApp da tura takardar gayyatar taro duk gida ɗaya ne, domin gajeren rubutu ne ga wani mutum. Kiran waya gidansa daban. Shigar da lambobi cikin Excel, duba rasit da cike fom su ma suna tafiya tare. Rubuta rahoto kuwa ba ya son kishiya, shi kaɗai zai zauna, kuma shi ya cancanci sa'o'in da kanki ya fi washewa.

Ga yadda abin zai kasance a gabanki. Kin iso, kin ba saƙonni minti ashirin, kin amsa masu gaggawa, kin rufe shafin imel ɗin ruf, ba wai ki ture shi ƙasan allo ba. Kin buɗe rahoto. Ana cikin haka sai ki tuna ba ki kira mai gyaran firinta ba. Kada hannunki ya kai ga waya. Ki ajiye 'yar takarda a gefe, ki rubuta "mai firinta", ki ci gaba da jimlarki. Kafin tsakar rana takardar za ta tara suna huɗu ko biyar, sai ki kira su a jere, ki gama cikin kwata ɗin awa. In kuma dole ta sa za ki bar rahoton bai ƙare ba, ki rubuta layi ɗaya a inda kika tsaya: "saura in kawo alƙaluman wata na uku in kwatanta da na bara." Wannan ɗan layin yana sauke wa ƙwaƙwalwa nauyin riƙe abin, ya kuma ɗora ki a hanya in kin dawo.

Game da imel, akwai gwajin da Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn na Jami'ar British Columbia a Kanada suka wallafa a 2015. Mutum 124 aka sa su duba imel sau uku kacal a rana na mako guda, a wani makon kuma aka sake musu mara. Damuwarsu ta fi raguwa a makon da aka taƙaita. In Outlook na asali kike amfani da shi a kwamfuta, akwai maɓallin Work Offline a ƙarƙashin Send/Receive, wanda zai hana sababbin saƙonni shigowa alhali kina iya karanta tsofaffi. In Gmail ne, rufe shafin ya wadatar.

Wani abin sha'awa, na'urar da ke hannunki ma da wannan dabara take rayuwa. Tun Android 6.0 na 2015 aka sa tsarin Doze: in waya tana ajiye, allo a kashe, ba ta kan caji, sai ta hana manhajoji fita intanet yadda suka ga dama, ta tara buƙatunsu, ta buɗe musu ƙofa lokaci-lokaci su biya su a tare. Dalili kuwa, kowane tashin na'urar daga barci yana cin batir, ko da aikin da za ta yi ɗan mitsitsi ne.

Tambaya: Yallaɓai, na gwada kashe duk sanarwar wayata don in mai da hankali, amma sai abin ya fi damuna. Kowane minti biyar ina ɗaga wayar, ina tsoron kada oga ko mutanen gida su neme ni. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi gyaran da ya zarce. A wani bincike da aka wallafa a 2019, wanda shi ma Kushlev na cikin masu yinsa, an raba masu wayoyi rukuni-rukuni. Waɗanda aka tara musu sanarwa ana sako musu sau uku a rana sun fi natsuwa da jin cewa su ke juya wayarsu. Waɗanda aka kashe wa gaba ɗaya kuwa fargabarsu ƙaruwa ta yi, suna ganin wani abu na wuce su. Abin da ya same ka ke nan.

In iPhone gare ka, daga iOS 15 zuwa sama, shiga Settings, sai Notifications, sai Scheduled Summary. Ka zaɓi manhajojin da ba na gaggawa ba, ka sa musu lokutan da za su zo maka a dunƙule. A Android hanya mafi kusa ita ce Focus mode a cikin Digital Wellbeing, inda za ka dakatar da manhajojin da ka zaɓa na wasu sa'o'i, kodayake sunan da wurin suna ɗan bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Sai ka bar ƙofa ɗaya a buɗe, ita ce za ta kwantar maka da hankali. A cikin Do Not Disturb, wato saitin da ke hana kira da sanarwa damunka, ka ware lambobin da kiransu zai shigo ko yaushe: oga, iyali, da duk wanda ba a sa shi jira. Ka kuma kunna zaɓin mai maimaita kira. A Android, wanda ya sake kira cikin minti 15 zai same ka, a iPhone kuma cikin minti 3. Zaurukan WhatsApp masu yawan surutu ka sa musu takunkumin awa 8, mako ɗaya ko na dindindin. A ganina abin da ya fi duk waɗannan saituna amfani shi ne ka faɗa wa abokan aikinka da bakinka: ina duba saƙo ƙarfe kaza da kaza, in abu ba zai jira ba a kira ni. Galibi mutane ba sa jin haushin jinkiri in sun san yaushe amsa za ta zo.

Tambaya: Malam, aikina amsa tambayoyin kwastomomi ne a intanet. Ni ma in riƙa duba saƙo sau uku a rana?

Amsa: A'a, Malam, sai dai in kana neman takardar sallama. Kai saƙon shi ne aikin. Abin da za ka tara shi ne na gefe: rahoton ƙarshen rana, mayar da kuɗi, miƙa ƙorafi ga wani sashe. In kuna da yawa, ku yi karɓa-karɓa, ɗaya ya tsare saƙonni na awa biyu, ɗaya ya rufe ya yi aikin takarda. Haka kuma kada a tara abin da wani ke tsaye yana jira kafin ya ci gaba da nasa, kamar sa hannu a takarda.

Tambaya: Ina da hotunan takardu sama da ɗari da nake sauya wa suna ɗaya bayan ɗaya, ga kuma wasiƙa iri ɗaya da zan aika wa mutane da yawa. Babu hanya mai sauƙi?

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma irin wannan ba ma ke ya kamata ki yi ba, kwamfutar ce. A Windows ki buɗe foldar, ki jera fayilolin yadda kike so, misali bisa kwanan wata, ki danna Ctrl da A, sai F2, ki rubuta sunan, ki danna Enter. Duka za su ɗauki sunan, kowanne da lambarsa a gaba. In kin ga ba haka kike so ba, Ctrl da Z zai mayar da su yadda suke. In kina son canza kalma ɗaya kawai a cikin sunayen, PowerRename da ke cikin PowerToys na Microsoft yana yi, kyauta ne, kuma yana nuna miki sakamakon kafin ki amince.

Wasiƙar kuma, ki zuba sunaye da adireshi a Excel, kowane bayani da ginshiƙinsa, layin farko ya zama na kanun ginshiƙan. Sai ki buɗe Word, ki shiga Mailings, ki fara Mail Merge, ki haɗa shi da fayil ɗin Excel ɗin, ki nuna inda suna zai shiga. Kafin ki tura firinta, ki danna Preview Results ki duba wasiƙu uku na farko da ta ƙarshe, domin in ginshiƙi ɗaya ya goce, duk wasiƙun za su fito da sunan wani a kan adireshin wani.