Filin Tsakar Gida: Ƙamshin Ɗaki Ba Tare da Hayaƙi Ba

Wasiƙu huɗu na wannan watan duk a kan abu ɗaya suka zo, don haka na haɗa su wuri guda.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce, wata bakwai da aure, muna zaune a bene a Zariya. Maigidana yana da asma, da na sa turaren wuta sai tari ya sarƙe shi, har na tattara kaskon na ajiye. A wani kanti na ga busassun furanni a leda, an ce ana zuba su a kwano su ƙamsasa ɗaki, amma kuɗinsu ya fi ƙarfina. Ina da tukwanen shuka a baranda: na'a-na'a, ɗoɗɗoya, ciyawar lemun tsami, wardi biyu, da wasu masu faɗin ganye da ban san sunansu ba. Zan iya haɗa nawa?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa albarka a zamanku. Za ki iya, kuma rabin kayan suna barandarki.

Abin da kika gani a kanti Faransawa ne suka raɗa masa suna, fofuri, wato ruɓaɓɓiyar tukunya. Ga yadda suke yinsa a da: su tsinki furen wardi, su bari ya ɗan yi yaushi, su jera shi a tulu hawa-hawa da gishiri mai tsakuwa, su rufe har ya tsumu ya yi duhu. Ƙamshinsa na daɗewa, amma ba shi da kyan gani, shi ya sa ake zuba shi a tangaran mai murfi mai huji-huji. Masana'antar tangaran ta Sèvres da ke kusa da Faris har mai siffar jirgin ruwa ta ƙera wa masu sarauta, tsakanin 1757 da 1764. Na busasshen ganye da ake zubawa a buɗe, irin wanda kika gani, shi ya fi yaɗuwa yanzu. Ni a gidana turaren kwano muke ce masa.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakata ta wajen uwa, a Katsina, takan busar da furen lalle ta haɗa da kajiji, ta ƙulle a ƙyalle ta cusa a ƙasan adaka. Duk zanen da ya fito daga adakar nan sai ka san inda ya kwana. Har yau idan na wuce bishiyar lalle tana fure sai na tsaya.

To, mu leƙa tukwanenki. Ciyawar lemun tsami ita ce babbar dukiyarki, domin ta fi sauran riƙe ƙamshi bayan ta bushe. Ki yanka ta guntu-guntu kamar tsawon gaɓar yatsa. Na'a-na'a ma tana da ƙarfi. Ɗoɗɗoya kuwa ki sa kaɗan, idan ta yi yawa falo zai koma ƙamshin miya. Wardi ki fara shinshina shi yana ɗanye. Yawancin waɗanda masu sayar da shuka ke kawowa yanzu don kyan ido aka raine su, kuma furen da bai yi ƙamshi a jikin uwarsa ba, ba zai yi a faifai ba. Ko da hakan ne kada ki zubar, zai ba ki launi. Mai ruwan hoda ya fi riƙe kyansa, ja yakan yi duhu, fari kuma ya koma ruwan ƙasa. Masu faɗin ganyen da ba ki san sunansu ba ki bar su inda suke, sai kin karanta amsa ta uku.

Idan za ki ƙara tukunya ɗaya, ki nemi jeraniyom mai ƙamshi. Asalinsa daga Afirka ta Kudu ne, kuma a ganye ƙamshinsa yake. Akwai mai kama da wardi, akwai mai kama da lemun tsami. Kada ki saya sai kin murza ganye ɗaya kin kai hanci, saboda akwai danginsa masu jan fure da ba su da ƙamshin kirki. Yana kamawa daga reshe, yana son hantsi, ba ya son ruwa ya kwanta masa. Ya fi jin daɗin sanyin Jos, amma nawa ya rayu a inuwar baranda.

Ki tsinka da safe, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi, domin man da ke ba ganye ƙamshi zafi ne ke kore shi. Kada ki ɗebi fiye da kashi ɗaya cikin uku na shukar, don ta samu ta sake tohowa. Ki baza a faifai, kada wani ya hau kan wani, ki ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Na san hannunmu ya saba da shanya kuka da kuɓewa a rana, amma wannan idan ya sha rana ƙamshi da launi duka za su tafi. Da hunturu kwana huɗu zuwa biyar sun isa, sai dai ki lulluɓe da siririn mayafi saboda ƙura. Da damina yakan kai mako biyu. Alamar ya yi ita ce ki murza ki ji ya ce ƙaras. Ɓawon lemu kuma ki fere bayansa mai launi kawai, ki bar farin, ki yanka siri-siri. Shi ya fi kowa jinkirin bushewa.

Yanzu ga inda mafi yawan mutane ke faɗuwa. Ƙamshin ganye mai gudu ne, idan ba a ba shi abin da zai maƙale a jiki ba, cikin 'yan kwanaki zai bi iska. Turawa suna amfani da saiwar wani fure da suke kira oris, ana noma ta a ƙasar Italiya wajejen birnin Fulorans, kuma sai an fere ta an ajiye kusan shekara uku kafin ƙamshinta ya fito. Ba sai kin nemi wannan ba. Kajiji yana yin aikin, haka saiwar jema, haka icen sandal, haka jawul da lubban. Duk suna wurin masu sayar da kayan haɗa turaren wuta. Ni kajiji na fi so, don ƙamshinsa mai kwanciya ne, ba ya danne na ganye. Ki ɓarza shi a turmi, kada ki mai da shi gari, saboda ƙurarsa ba za ta yi wa ƙirjin maigida daɗi ba.

Ga awon da nake yi da gwangwanin madara: busasshen ganye da fure gwangwani 4, ɓawon lemu rabin gwangwani, ɓarzajjen kajiji babban cokali 4, kanumfari ƙwaya 10, kirfa sanda 1 a kakkarye. Masu son ƙarin ƙarfi suna ɗiga madarar turare ɗigo 6 zuwa 10 a kan kajijin, su rufe shi kwana biyu ya sha, sannan su haɗa da sauran. Ke dai ki fara ba tare da madarar turare ba. Ba hayaƙi kaɗai ke tayar da asma ba, ƙamshi mai ƙarfi ma yana yi wa wasu. Ki gwada kaɗan a falo, ba a ɗakin barci ba, idan kin ji ya fara tari ki ɗauke, kuma ya tambayi likitansa idan ya je asibiti.

Ki zuba duka a kwalba mai murfi, irin ta Bama ma ta yi idan an wanke ta sosai ta bushe, ki bar sarari a sama don ki iya girgizawa. Ki sa a kabad mai duhu, ki riƙa girgiza ta bayan kwana biyu ko uku, har mako huɗu zuwa shida. A makon farko za ki ji kowa na nasa, kanumfari na ihu, na'a-na'a na ihu. Kada ki karaya, haka humra ma take kafin ta tsumu.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Daga Maraɗi nake. Na haɗa nawa, kwano ɗaya mako guda ya yi ƙamshin ya ɓace, ragowar da na rufe a kwalba kuma wani farin abu ya fito masa kamar auduga. Ina na yi kuskure?

AMSA: Barka kadai ƙanwata. Matsaloli biyu ne, kuma na biyun ya taɓa samuna. Karona na farko a watan Agusta na yi shi, ana tsakar ruwa. Ganyen ya bushe, ɓawon lemun kuwa da sauran laushi a cikinsa, na ƙosa na rufe. Bayan kwana goma na buɗe na tarar da funfuna ta lulluɓe komai, har da furen wardin da na yi wata biyu ina tarawa ɗaya-ɗaya. Abin ya yi mini ciwo. Idan funfuna ta shiga babu gyara, ki zubar duka, ki wanke kwalbar da ruwan zafi. Kada ki tsince na sama ki bar na ƙasa, ƙurarta ta riga ta bi ko'ina, kuma shaƙarta na cutar da ƙirji. Nan gaba ki jira hunturu, ku da iskarku ta fi tamu bushewa ma. Kwana biyu bayan kin rufe ki duba jikin kwalbar, idan kin ga gumi ki juye a faifai ki ƙara shanyawa.

Na kwanon kuma, ina zaton a buɗe kika bar shi dare da rana, wataƙila ma a ƙarƙashin fanka. Waɗancan tangaran na Faransa ba don ado kawai aka yi musu murfi ba. Ki nemi kwano mai murfi, na tangaran ko na gilashi, ki buɗe awa ɗaya ko biyu da yamma ko idan za ki yi baƙi, sannan ki mayar ki rufe. A haka yakan kai wata uku ko fiye. Akwai kuma wani abu: hanci yana sabawa da ƙamshin da yake zaune a ciki har ya daina ji. Kafin ki yanke hukunci ki kira maƙwabciya ta shigo ki tambaye ta. Idan da gaske ya yi sanyi, ki murmusa ganyen da hannu, ki ɗiga madarar turare ɗigo 3, ki rufe mako guda.

Tunda sabo za ki haɗa, ki ƙara masa launi. Furen bugenbiliya, wannan mai kama da takarda da ke hawa katanga, ba shi da ƙamshi ko kaɗan amma yana bushewa da kyansa. Busasshen zoɓo ma yana ba da ja mai kyau.

TAMBAYA: Hajiya, ni magidanci ne a Kaduna. Uwargida ta fara shanya ganyen duk wata shuka da ke gidan don wannan haɗi, ga shi muna da yaro mai rarrafe da ke kai komai baki. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Malam, gara da ka tambaya, kuma ina roƙon ka karanta wa uwargida wannan amsar da kanka, cikin lallami. Yawancin shukokin adon ɗaki ba su da ƙamshin da za a nema a jikinsu, wasunsu kuma guba ne. Akwai mai faɗin ganye kore da ɗigo-ɗigon fari ko rawaya a tsakiya, wadda ake yawan ajiyewa a falo da ofisoshi, difenbakiya. A cikin ganyenta akwai wasu ƙananan tsinaye da ido ba ya gani, idan yaro ya tauna sai baki da harshe su ɗau zafi su kumbura, har magana ta gagara. Shukar kuɗi mai yaɗo da ake sawa a kwalbar ruwa danginta ce, ita ma haka take. Oliyanda, mai dogon siririn ganye da fure ruwan hoda da ake shukawa a bakin titi da makarantu, gubarta zuciya take taɓawa, kuma bushewa ba ta kashe ta. Haka ƙarya, mai kumburarren gindi da kyakkyawan fure, wadda masu shuka ke sayarwa a tukunya da sunan wardin hamada. Da ruwanta ake dafin kibiya a wasu wurare. Zaƙami kuma kowa ya san shi, kada ƙamshin furensa na dare ya ruɗi kowa.

Wanda ya fi tsorata ni shi ne idon zakara, ƙwayar nan ja mai baƙin kai. Tana da kyau a cikin kwano, shi ya sa wasu ke zubawa don ado, amma ƙwaya ɗaya idan aka tauna ta tana iya kashe mutum. Kada ta shiga gidan da ke da yara.

Ƙa'idar da nake bi ita ce, abin da ba zan iya sawa a shayi ko a miya ba, ko ban san shi tun ina yarinya a kayan turare ba, ba ya shiga kwanona sai na tabbatar da sunansa. Ko mai lafiyar ma a ɗora shi a saman kabad, domin kanumfari da guntun kirfa suna iya shaƙe yaro. Idan kuna da kyanwa a nisanta ta da wanda aka ɗiga wa mai, hantarta ba ta iya narkar da irin waɗannan mayukan. Idan kuwa, Allah Ya kiyaye, yaro ya ci wani ganye, a cire abin da ya rage a bakinsa, a goge, kada a tilasta masa amai, kada a ɗura masa manja, a ɗauki ganyen a tafi da shi asibiti don likita ya gani.

TAMBAYA: Anti, idan ƙamshin ya yi sanyi zan iya zuba shi a kasko kamar turaren wuta? Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

AMSA: A'a 'yata. Busasshen ganye idan ya hau garwashi ƙaurin ƙonannar ciyawa zai ba ki. Na kanti kuma an rina shi, an fesa masa abubuwan da ba don ƙonawa aka yi su ba. Idan naki na gida ne, ki zuba gwangwani ɗaya a ƙaramar tukunya da ruwa kofi uku, ki ƙara sabon ɓawon lemu da guntun kirfa, ki ɗora a wuta kaɗan ba murfi. Tururin zai zagaye ɗaki cikin minti goma. Ki tsaya kusa kada ruwan ya ƙone, kuma ki ware wa wannan aikin tsohuwar tukunya, ba ta girki ba.