Ƙullutu a fatar kai da ƙari a tantanin ƙwaƙwalwa: amsoshin likita

Wani manomi daga Gwaram: Likita, wani ƙullutu ya fito wa Baba a tsakar kai, wata takwas ke nan. Ja ne, ba ya ciwo, ba ya ruwa, sai girma a hankali. Wanzami ya ce zai tsaga shi. Mu bari?

Kada ku bari, Malam. Yawancin ƙullutun kai ba abin tsoro ba ne. Maruru ne, ko kitse ya dunƙule, ko wata 'yar jaka ce a fata ta cika da maiƙo. A yara kuma makero kan kumbura har ya yi mugunya. Amma maruru yana zogi, ya nuna, ya fashe cikin kwanaki. Abin da ya yi wata takwas a kan dattijo, ga tauri, ba ciwo, gwaji yake so. Cikin abubuwan da ya kamata a kawar da shakkarsu akwai limfoma, wato sankarar wasu fararen ƙwayoyin jini, irin waɗanda ke taruwa a kaluluwa. Ta fi fitowa a wuya, hammata da matsematsi, amma akwai nau'in da ke farawa a fata, kuma fatar kai na cikin wuraren da ya fi kamawa. Ba a cika ganinsa ba.

Askar wanzami ba abin da za ta ƙara sai zubar jini da gyambo. Ku kai Baba Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ga ta kusa da ku. Za a kashe wurin da allura, a yanki ɗan nama kamar ƙwayar wake, a sa a kwalbar magani a tura ɗakin gwaji. Idan ana buƙatar gwaji mai zurfi, akan tura Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. In har irin na fata ne mai tafiyar hawainiya, sama da kashi 90 cikin 100 na masu shi suna raye bayan shekara 5, kuma sau da yawa yanke shi ko ƙona ƙwayoyin cutar da hasken na'ura ya wadatar.

Wata malama daga Rano: Yayata ta daɗe da ciwon kai, rannan ta faɗi kamar mai farfaɗiya. An yi hoton MRI, aka ce ƙari ne a tantanin ƙwaƙwalwa, ba mai haɗari ba. Bayan tiyata sakamako ya fito wai limfoma. Kuskure aka yi mana?

Allah ya ba ta lafiya, Malama. Ba kuskure ba ne. Tantani uku ne ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, na wajen ya fi kauri, yana manne da ƙoƙon kai. Ƙarin da aka saba gani a wurin shi ne meninjiyoma, wanda galibi ba sankara ba ne. Limfomar wannan tantanin kuwa a hoto kamar an tsaga kara suke da shi, har ƙwararre kan ɗauki ɗaya a matsayin ɗaya. Sai an duba naman ake rarrabewa.

Ku kwantar da hankali kaɗan. Wadda ke farawa a tantanin ta fi kama mata masu matsakaitan shekaru, yawanci mai tafiya a hankali ce, kuma tana jin magani ƙwarai, ba kamar wadda ke cikin naman ƙwaƙwalwa ba, mai saurin yaɗuwa. Za a ɗauki hoton ƙirji da ciki, wataƙila a ɗebi ɓargo da ruwan ƙashin baya, don a ga ko ta taɓa wani wuri. Za a gwada ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B. Kada mijinta ya ɗauki wannan a matsayin zargi, kowa ake yi wa, domin wasu magungunan kan tayar da ciwon hanta da ya kwanta. Daga nan akan ƙona ƙwayoyin cutar a wurin da hasken na'ura, a Shika ko Abuja. Maganin farfaɗiyar kuma kada ta tsallake, kuma ta nisanci murhu da bakin rijiya ita kaɗai.

Wani matashi daga Ɓaɓura: An ba ƙanina ranar yankar nama, sai mai kemis ya ba shi deksa, ƙullutun ya sace. Ya warke ke nan?

Wannan ne ya fi damuna. Deksa da firedinisolon, magungunan rage kumburi, suna narkar da ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, sai ta dawo. Mafi muni, in aka yanki naman a wannan tsakanin, gwaji na iya fitowa ba a ga komai ba, a yi asarar kuɗi da watanni. Ku je ranar da aka ba ku, ku tafi da kwalin maganin, ku faɗi kwana nawa ya sha. In ya daɗe yana sha, kada ya yanke lokaci guda, likita ne zai rage masa a hankali.

Wata amarya daga Ringim: An fara yi wa surukina ƙarin ruwan maganin sankara. Ana ɗauka in an ci kwano ɗaya?

Ba a ɗauka, 'yar'uwa, ku ci tare. Ke ce ma za ki kiyaye shi daga masu mura da tari, don maganin yana rage garkuwar jiki. In limfoma ce mai saurin girma, akan yi ƙarin ruwan duk bayan kwana 21, galibi sau 6. Gashi zai zube, zai kuma fito. In zazzaɓi ya kama shi tsakanin zuwa da zuwa, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne, ba a tsaya ba shi maganin maleriya a gida ba.