Dalilin da ya sa na mayar da ɗinkin ankon nan

Ɗana, jiya bayan magariba ka tambaye ni yadda mutum zai kawo ɗinkin anko har kaftani arba'in, ga kuɗi a fili, ni kuwa in ce ya yi haƙuri. Na ga ranka bai so ba. To, ɗauko littafin awo mu duba tare.

Saura kwana ashirin da biyu Sallah. Kekunanmu uku ne, kuma ran da ba a ɗauke wuta ba mukan gama riga da wando huɗu, har da aikin wuya da guga. Tamanin da takwas ke nan, in babu wanda ya kwanta ciwo. A littafi akwai saba'in da muka riga muka karɓa. Ina za ka cusa arba'in? Sai dai a ture na tsohon nan na unguwar Asawase da ke kawo mana shaddarsa ɗaya tak kowace shekara tun kafin a haife ka, ko na yaran makwabta da ke leƙowa kullum suna tambaya ko an yanka nasu.

Ban da haka, ka lura bai ce zai ba da kafin alƙalami ba. Cewa ya yi sai bayan biki, kuma a kan farashin yau. Wannan ita ta ƙone ni a 2022. A farkon shekarar dala tana wajen sidi 6, kuɗinmu na Ghana, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13, a Disamba kuma hauhawar farashi ya wuce kashi 54 cikin ɗari. Na yi wa wata makaranta kayan ɗalibai bashi, muka yanke farashi da watan Yuni. Da kuɗin suka fito, na shiga kasuwar Kejetia sayen zare da maɓalli da shafi, sai ga shi abin da ke hannuna bai mayar da abin da na kashe ba. Wata biyar na yi wa mutane aiki kyauta, har na cika daga aljihuna. Tun daga nan, duk ɗinkin da ya wuce goma sai an ajiye kuɗin kaya, in sayo su a ranar.

Sai maganar wuta. Kai kana firamare lokacin dumsor, wato matsalar yawan ɗauke wuta, a 2015. A unguwarmu ta Aboabo, nan Kumasi, sai mu yini mu kwana babu wuta, keken surfani ya zama kujera. Shekarar na karɓi aiki fiye da ƙarfina, kwaɗayi ne ba wani abu ba. Daren Sallah na kulle kaina a shago ina jin masu kaya suna buga ƙofa, wani yana kiran sunana har da na mahaifina. Da safe ban je filin idi ba, don kada in haɗu da wanda ya zo da tsohuwar riga saboda ni. Yarana suka tafi da kawunsu. Kuɗin shekarar ban ma tuna abin da na yi da su ba, amma bugun ƙofar nan har yanzu yana kunnena.

Mai ankon ma ban kore shi ba. Na ce in bikin bayan Sallah ne da mako biyu, ya kawo rabin kuɗi mu fara. In kuwa yana sauri, na kwatanta masa shagon yayanka da na yaye bara, yana da keke biyu zaune. Gobe ka kai masa awon da muka ɗauka, ka biya ta kasuwa ka sayo farin zare dozin biyu.