Neman Aiki a Lokacin Cunkoso: Me Ya Cancanci Kuɗinka?

Wasiƙun wannan makon kusan bakinsu ɗaya. Masu nema sun yi yawa, guraben aiki sun yi kaɗan, sannan a tsakanin mai nema da gurbin da yake hange an samu masu sayar da sa rai, kowa da hajarsa. Na zaɓi guda huɗu, na taƙaita su.

Tambaya: Malam, shekara shida na yi ina aikin lissafin kuɗi a wani kamfanin rarraba kaya. Wata biyar da suka wuce aka rage ma'aikata, abin ya rutsa da ni. Na tura takardar neman aiki wuri fiye da 100, sau biyu kacal aka kira ni intabiyu. Yanzu wani ya ce in biya shi ya sake rubuta mini sibi (CV, takardar tarihin karatu da aiki) yadda kwamfuta ba za ta watsar da ita ba, abokina kuma ya ce in biya kuɗin LinkedIn Premium (tsarin biya na dandalin ma'aikata da masu neman aiki a intanet). Ɗan abin da aka sallame ni da shi sai raguwa yake yi. Wanne zan saya?

Ƙanena, Allah Ya musanya maka da mafi alheri. A yanzu dai kada ka sayi ko ɗaya.

Mu fara da kwamfutar da ake tsorata ka da ita. Gaskiya ne manyan kamfanoni suna karɓar takardu ta manhajoji irin su Workday da Greenhouse da Taleo. Aikin manhajar shi ne ta tsinto sunanka da wuraren da ka yi aiki da karatunka daga cikin takarda, ta jera su a rumbu, ma'aikacin sashen ɗaukar aiki kuma ya zo ya bincika da kalmomin da yake so. Abin da ke rikita ta sananne ne: rubutu cikin akwatuna, shafin da aka raba gida biyu, hotuna, da takardar da aka ɗauka hoto maimakon a buga. Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Ka rubuta ta miƙe daga sama zuwa ƙasa, shafi ɗaya ko biyu, aikinka na ƙarshe a sama. In tallar ta ambaci Excel ko QuickBooks ko SAP kuma ka iya, ka rubuta sunan kamar yadda suka rubuta. Sannan ka kula da tambayoyin eh ko a'a da ke cikin fom, irin su yawan shekarun gogewa da izinin yin aiki a ƙasar, domin galibi a nan ake zubar da mutane kai tsaye, ba a jikin sibi ba.

Na taɓa zama cikin kwamitin tantance masu neman gurbi ɗaya a wani wuri da na yi aiki. Takardun sun cika kwali, muka raba su mu uku, har bayan an tashi muna kai. Kusan kowa ya rubuta cewa shi mai ƙwazo ne, mai gaskiya, yana iya aiki da jama'a. Da ka karanta talatin ido ya daina ganin waɗannan kalmomi. Takarda ɗaya ce na ajiye gefe, kuma har yau ina tuna layinta: matar ta ce a wurin da ta baro rufe lissafin ƙarshen wata yana cin kwana goma, ita ta mayar da shi kwana huɗu, ta kuma faɗi yadda ta yi cikin jimla ɗaya. Babu ado a takardar. Ita muka fara kira.

Wannan layin babu marubucin haya da zai ƙirƙiro maka shi, don ba shi ya zauna a teburinka shekara shida ba. Ɗauki biro ka tuna: bashin kwastomomi nawa ka karɓo, kuskure nawa ka kama kafin masu binciken kuɗi su zo, rassa nawa kake haɗa wa lissafi, mutum nawa ka koya wa aiki. In ka gama, ka ba wani da ya taɓa ɗaukar ma'aikata ya duba maka. Idan rubutu a harshen da ake neman aikin yana ba ka wahala ƙwarai, to nan biyan mai gyara yana da ma'ana, amma da sharaɗin ya zauna ya yi maka tambayoyi. Wanda ya ce ka turo tsohuwar takarda kawai gobe ka karɓi sabuwa, launi zai canza mata.

Shi kuwa Premium, abin da yake ba ka shi ne damar aika saƙo ga wanda ba ku da haɗi, ganin waɗanda suka leƙa shafinka, da darussan bidiyo. Ba ya sa a ɗauke ka. Sukan ba sabon shiga gwajin kyauta na wata ɗaya. In za ka gwada, ka tanadi sunayen waɗanda za ka rubuta wa tun kafin ka kunna, ka kuma rubuta ranar da za ka kashe shi, don da kansa yake cirar kuɗi in wa'adin ya cika.

Amma abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne ba ka ambaci mutum ko ɗaya da ka yi wa magana ba. Duk ta ƙofar gaba kake bi, inda layi ya fi tsawo. A 1973 wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan da suka canza aiki a wani gari kusa da Boston. A cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani da suka sani, ƙasa da kashi 17 cikin 100 ne suka ce suna yawan haɗuwa da mutumin. Fiye da rabi jefi-jefi suke ganinsa, sauran kuma sai a shekara ba a haɗu ba. Dalilin a fili yake: aminanka abin da ka ji shi suka ji, inda ka shiga nan suke shiga. Wanda kuka yi nisa da shi ne yake zaune a wata da'irar, yana jin labarin gurbi tun ba a buga talla ba. A 2022 mujallar Science ta buga wani gwaji da aka yi shekara biyar a kan mutum miliyan 20 masu amfani da LinkedIn, aka sake ganin haka: sanayya mai matsakaicin nisa ta fi abota ta kusa kai mutum ga sabon aiki.

Saboda haka ga aikin makon nan. Rubuta sunaye ashirin: tsofaffin abokan aikinka da suka koma wasu wurare, masu binciken kuɗi da suka riƙa zuwa kamfaninku, dillalan da kake biya, 'yan ajinku. Kada ka rubuta musu “a taimaka mini da aiki”, wannan nauyi ne da yawancinsu ba su da ikon ɗauka, shi ya sa suke yin shiru. Ka ce ga abin da ka iya, ga irin gurbin da kake nema, ko sun san wanda ya kamata ka yi wa magana. Na san akwai jin nauyi, musamman ga wanda aka sallama. Rage ma'aikata ba laifinka ba ne, kuma da yawa cikin waɗanda za ka rubuta wa sun taɓa ɗanɗana shi.

Tambaya: Malam, wani ejan ya turo mini saƙo a WhatsApp cewa an ɗauke ni aiki a ƙasar waje, har da takarda mai tambarin kamfani. Ba a yi mini intabiyu ba. Ya ce in biya kuɗin rajista da na gwajin lafiya cikin kwana uku ko a ba wani. Mahaifiyata ta ce za ta sayar da abin da take da shi. In biya?

Ƙanwata, kada ki biya, kuma ki roƙi Mama ta dakata tun yau.

Alamu uku ne a wasiƙarki, kowace ɗaya ta isa: aiki babu intabiyu, kuɗi kafin aiki, da wa'adin gaggawa don kada ki samu lokacin yin shawara. Tambarin kamfani kuwa, duk mai waya zai iya kwafo shi daga intanet cikin minti ɗaya. A ƙa'ida kamfanin da ke neman ma'aikaci shi ke biyan dillali. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta rubuta wannan a yarjejeniyarta mai lamba 181 ta 1997: dillalan aiki masu zaman kansu kada su karɓi kuɗi daga ma'aikaci, kai tsaye ko a fakaice, sai 'yan keɓantattun wurare da hukumar ƙasa ta amince. Ba kowace ƙasa ce ta sa hannu ba, amma ma'auni ne mai kyau da za ki auna kowane ejan da shi.

Ki nemo shafin kamfanin da kanki, ba ta adireshin da ya turo miki ba, ki rubuta wa sashen ma'aikatansu ki tambaya ko sun san wannan takarda. Ki duba ko imel ɗin ejan yana ɗauke da sunan kamfanin ko na Gmail ne. Ki tambayi ma'aikatar ƙwadago ta ƙasarku ko yana da lasisi. Kada ki tura masa hoton fasfo ko lambobin banki, kuma in kin riga kin tura na bankin, ki sanar da bankinku yau ɗin nan. Masu irin wannan sana'a ba sa tsayawa a biya ɗaya: bayan rajista sai biza, bayan biza sai inshora, kuma wanda ya riga ya zuba kuɗi yana jin ciwon ja da baya, shi ya sa ake tatsar sa har ƙarshe.

Tambaya: Ina da digiri amma shekara biyu ba aiki. Ina so in koma fannin nazarin bayanai da kwamfuta. Akwai kwas mai tsada na wata uku da suka ce suna da tabbacin samar da aiki, akwai kuma masu araha a intanet. Wanne ya fi?

Kafin ka zaɓi kwas, ka buɗe tallace-tallace ashirin na irin aikin da kake so, ka rubuta abin da suke ta maimaitawa. A wannan fannin za ka yi ta cin karo da Excel da SQL da Power BI ko Tableau, wani lokaci Python. Wannan jerin shi ne manhajar karatunka, da shi za ka auna kowane kwas.

Ni da ni ne, da mai araha zan fara. Google yana da satifiket na nazarin bayanai a dandalin Coursera, dandalin kuma yana da tsarin tallafi ga wanda ba shi da halin biya, sai dai a cike fom a jira. Wata ɗaya ya isa ka gane ko zuciyarka na son zama da alƙaluma awa shida a rana, kafin ka zuba babban kuɗi. Mai tsadar yana iya zama da amfani in akwai malami da zai duba aikinka ya gyara. Amma kalmar “tabbaci” sai an bi ta a hankali. Ka nemi su ba ka sharuɗɗan a rubuce, ka tambayi wane irin aiki suke ƙirgawa a matsayin an samu, ka kuma nemo mutum uku da suka gama bara, ka ji daga bakinsu, ba waɗanda makarantar ta zaɓo maka ba.

Ko wanne ka bi, satifiket shi kaɗai ba zai fitar da kai daga cikin taro ba, don dubbai suna riƙe da irinsa. Gani ya kori ji. Bankin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suna sakin bayanai kyauta. Ɗauko wasu, ka yi musu tambaya guda, ka amsa ta da zane da bayanin shafi ɗaya. Ayyuka biyu ko uku irin wannan su za ka buɗe a gaban masu intabiyu.

Tambaya: Malam, aikina ya ishe ni, shugabana ba ya ganin ƙoƙarina. In ajiye don in samu lokacin nema sosai?

Ɗan'uwa, ba a sakin reshe a kama ganye, balle a irin wannan lokaci. Mai aiki a hannu yana iya ƙin tayin da bai yi masa ba, yana iya neman ƙari a albashi. Wanda haya ta taso masa kuwa duk abin da aka miƙo karɓa zai yi. Ka ware awa ɗaya kullum da rabin yini a ƙarshen mako, da wayarka da imel ɗinka, ba na ofis ba. In za ka kunna alamar neman aiki a LinkedIn, ka zaɓi wadda masu ɗaukar aiki kaɗai ke gani, ka kuma sani su kansu sun ce ba su ba da cikakken tabbacin cewa kamfaninku ba zai gani ba.

In zaman yana taɓa lafiyarka, ko ana cin zarafinka, ko ana sa ka abin da ya saɓa doka, wannan magana ce daban, fita ta fi. Ko a nan ma ka lissafa wata nawa abin da ka tara zai riƙe gidanka. Kuma duk ranar da sabon wuri ya ce sun ɗauke ka, kada ka miƙa takardar ajiye aiki a kan maganar baki ko kiran waya. Ka jira takarda mai sa hannu, da albashi da ranar farawa a jiki, ka duba tsawon notis ɗin da ke cikin yarjejeniyarka ta yanzu, sannan ka shiga ofishin shugaban naka.