Tambaya da Amsa: Me Wanda Ba Ya Wasan Zamiya Zai Yi a Dutsen Ƙanƙara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce da ta yi ritaya, shekaruna sun haura hamsin. Babban yaronmu yana karatu a jami'a a garin Bursa na ƙasar Turkiyya, kuma ya matsa mu je masa ziyara a watan Janairu, ni da Alhaji da ƙannensa biyu. Ya ce sai ya kai mu dutsen Uludag, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Ni dai gwiwata ba za ta ɗauki wannan wasa ba, Alhaji ma ya ce ba da shi ba. Shin akwai abin da irinmu za su yi a can, ko kuwa zaman gadin jakunkuna za mu je yi muna rawar ɗari, kuɗi su tafi a banza?

Daga wata mai karatu, unguwar Fantami, Gombe.

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi wa yaro albarka, ya ba shi sa'ar karatu. Ku je, kada ku fasa, domin da yawa daga cikin waɗanda suke hawa Uludag a lokacin sanyi ba su taɓa ɗaura sandunan zamiya a ƙafa ba: iyalai ne daga Bursa da Istanbul, da baƙi daga ƙasashen Larabawa, waɗanda suke zuwa don su ga dusar ƙanƙara, yara su yi wasa, manya su sha shayi, kafin magariba kowa ya sauko. Shawarata ta farko ita ce ku kama masauki a cikin gari, ku hau dutsen da rana ku dawo. Otal-otal ɗin da ke can sama an yi su ne domin wanda yake so da fitowarsa daga ɗaki ya faɗa filin zamiya, tsadarsu kuwa ta wannan kusancin ce, wadda ku ba za ta amfane ku da komai ba.

Hawan shi kansa rabin ziyarar ne. Daga unguwar Teferuc da ke gefen gari ake shiga motar igiya, wadda za ku ga an rubuta Teleferik a allunan hanya. Wasu ƙananan ɗakuna ne masu tagogin gilashi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, kowane yana ɗaukar mutum takwas a zaune, ke nan iyalinku gaba ɗaya za su shige guda. An fara buɗe layin a 1963, aka sabunta shi a 2014, tsawonsa kuma ya kai kimanin kilomita 9, ana yin sa cikin abin da bai kai rabin awa ba. Da farko rufin gidajen Bursa da hasumiyoyin masallatai za ku riƙa hange a ƙarƙashinku, daga nan sai dajin da ya kaɗe ganye, sannan a hankali fari ya fara bayyana a gindin itatuwa, har ku shiga inda rassa suka sunkuya saboda nauyin ƙanƙara. Abu ɗaya da ya kamata yaron ya bincika da safe kafin ku fito shi ne ko motar tana aiki a ranar, domin akan tsayar da ita idan iskar kudu mai ƙarfi, wadda mutanen can suke kira lodos, ta taso. Idan hakan ta faru akwai hanyar mota, sai dai tana da kwane-kwane, kuma a ranar da ƙanƙara ta zuba sai an ɗaura wa tayoyi sarƙa.

Tashar da nake ganin ta fi dacewa da ke da Alhaji ita ce Sariyalan, a tsayin kimanin mita 1,600. Fili ne shimfiɗaɗɗe a tsakiyar daji, babu gangara mai tsoratarwa, kuma babu 'yan zamiya masu wucewa da gudu. A nan ake ba da hayar ɗan abin zama na roba ko na katako mai igiya a gaba, yaro ya zauna a kai ya sulale daga ɗan tudu, ya jawo shi ya sake hawa. Ba ya buƙatar koyo, kuma babba ma yana iya gwadawa inda gangarar ba ta da tsanani. Yara za su dunƙula ƙanƙara su jefi juna, su gina mutum-mutumi. Ke kuwa ki ɗibi dusar da hannu ko sau ɗaya: idan sabuwa ce ba ta da nauyi ko kaɗan, idan kika matse ta sai ta dunƙule, idan kuma kika taka ta za ki ji tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. A gefen filin akwai rumfunan da ake gasa sujuk, wato tsiran naman sa mai tafarnuwa da yaji, a tsaga burodi a zuba a ciki, hayaƙinsa yana tashi a cikin iska mai sanyi. Akwai kuma salef, wani abin sha mai kauri na madara mai zafi da ake barbaɗa wa kirfa, wanda riƙe kofinsa kawai yana dawo da yatsu hayyacinsu. Batun halaccin nama ba zai ba ku wahala a Turkiyya ba.

Tasha ta ƙarshe ita ce unguwar otal-otal, a tsayin kimanin mita 1,800, kuma a nan ne ainihin wasan yake. Ƙololuwar dutsen tana can sama da haka, mita 2,543. Wanda ba ya zamiya yana iya sayen tikitin wasu kujerun igiya da ke kai 'yan wasa kan tudu, ya je ya yi kallo ya dawo a kan kujerar, amma buɗaɗɗu ne, ƙafa tana lilo a sarari, iska kuma tana dukan fuska, saboda haka ban ga dalilin da zai sa ki hau ba idan motar igiya ta riga ta ba ki kallon da kike so. Akwai babur ɗin ƙanƙara da ake zagayawa da mutum a kai, wanda samari suke so, sai dai a yi ciniki a ƙare magana a kan kuɗi da mintoci kafin a hau, haka ma da masu ɗaukar hoto. Idan ƙannen nasa sun nace sai sun gwada zamiya, a ɗaukar musu malami na awa ɗaya ko biyu tare da hular kwano, kada a bar yayansu ya ce shi zai koya musu, domin yawancin faɗuwa mai muni ta sabon shiga tana zuwa ne daga hawa tudun da ya fi ƙarfinsa. Ku kuma ku kiyayi tsallaka filin zamiya da ƙafa don neman wurin hoto. Wanda ya taho daga sama da gudu ba lalle ne ya iya tsayawa ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne rawar ɗarin da kika ambata, domin shi ne yake ɓata wa mutanenmu irin wannan tafiya, ba rashin abin yi ba. Sanyin hunturu a Gombe, ko da asuba ne, da wuya ya sauko ƙasa da digiri 10, alhali a kan Uludag a watan Janairu ma'auni yakan wuni a ƙasa da sifili. Kada kuma yanayin cikin gari ya ruɗe ku: iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau, ke nan tsakanin Bursa da unguwar otal-otal akwai bambancin kusan digiri 10, ban da abin da kaɗawar iska take ƙarawa. Rigar sanyi guda mai kauri a kan shadda ko atamfa ba za ta yi ba, domin auduga tana shan gumi ta riƙe shi, da zarar mutum ya tsaya sai laimar ta zame masa ƙanƙara a jiki. Hawa uku ake sawa: ta ciki mai kama jiki wadda ba ta auduga ba, riga da wando, sannan suwaita ta ulu, sannan babbar riga mai hana ruwa da iska shiga. Wannan bai hana ki sutura yadda kika saba ba, domin dogayen riguna masu kaiwa ƙasa da gwiwa sun cika kasuwannin Bursa, hular ulu kuma tana zama daidai a ƙarƙashin hijabi. Abin lura kawai shi ne kada bakin zane ko abaya ya riƙa jan ƙasa, don zai jiƙe ya daskare. Alhaji ya ajiye babbar riga da hular zanna sai ranar Juma'a a cikin gari, ya nemi hular da za ta rufe kunnuwa.

Takalmi ya fi komai. A samu mai hana ruwa shiga, mai kaushin ƙasa, wanda bai matse ba ko an sa safa mai kauri, kuma a riƙe safa ta biyu a jaka. Ba sai kun saya ba, ana ba da hayar takalma da riguna da safar hannu a wurin. Saboda gwiwarki, ki taka a hankali da gajerun taku, ki fi jin tsoron bakin ƙofofi da matattakala inda ƙanƙara ta narke ta sake daskarewa fiye da dusa mai laushi. Idan yatsun yaro suka yi fari suka daina jin taɓi, kada a murza su, kada kuma a kanga su a wuta. A shiga ɗaki a sa su a ruwa mai ɗumi wanda ba ya ƙona fata, idan ba su dawo daidai ba a nemi ma'aikatan lafiya. Ku tafi da tabarau mai duhu, domin sabuwar dusa tana mayar da har kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙona ido, da man leɓe da man kaɗanya. Waya kuma a sa ta a aljihun ciki, sanyi yana shanye batir da sauri.

Rana gajera ce a can a wannan wata, ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, ta faɗi wajen ƙarfe shida na yamma. Ku yi alwala a masauki kafin ku fito, ku hau da hantsi, ku fara saukowa da la'asar kafin layin komawa ya yi tsawo. A wuraren jama'a a Turkiyya akan ware ɗakin salla, a rubuta Mescit a ƙofa. Kafin tafiya ki nemi malaminku ya yi muku bitar hukuncin kasaru da haɗa salla da shafa a kan huffi. Ku zaɓi tsakiyar mako, ku kuma sani cewa makarantun Turkiyya suna hutun mako biyu a rabin ƙarshe na Janairu, lokacin da dutsen yake cika maƙil.

Wuni ɗaya a sama ya wadatar, sauran kwanakin na gari ne, kuma ina kyautata zaton a nan Alhaji zai fi jin daɗi. Bursa ta zama fadar Daular Usmaniyya ta Turkiyya bayan an ci ta a 1326, kuma kaburburan Usman Gazi, wanda ya kafa daular, da ɗansa Orhan suna nan a kan tudun Tofane. Babban masallacin garin, Ulu Jami, Sarki Bayazid na Ɗaya ne ya gina shi a ƙarshen ƙarni na 14, yana da ƙubba 20, da wurin alwala a tsakiyar masallacin, bangonsa kuwa cike yake da manyan rubuce-rubucen Larabci. Kusa da shi akwai Koza Han, kasuwar siliki tun 1491, inda za ki yi tsaraba. A unguwar Cekirge akwai gidajen wanka na ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa, irin na Wikki da ke Yankari sai dai ya fi shi zafi sosai, kuma maza da mata a rabe suke. Gwiwa takan ji daɗinsa bayan wunin sanyi, amma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambayi likita tukuna. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

TAMBAYA

Ƙanena yana aiki a Suwizalan, ya gayyace ni da iyalina a watan Disamba, har ya yi mana alƙawarin hawa jirgin ƙasa zuwa Jungfraujoch. 'Yata mai shekara tara tana da sikila. Tunda ba wasa za mu yi ba, kallo ne kawai, akwai matsala?

Daga wani mai karatu, unguwar Wunti, Bauchi.

AMSA

Malam, akwai matsala, kuma ina roƙonka kada ka kai ta wurin. Tashar Jungfraujoch, wadda aka buɗe a 1912, tana tsayin mita 3,454, ita ce tashar jirgin ƙasa mafi tsayi a Turai. A wannan tsayi iskar da huhu yake samu a kowane numfashi ba ta wuce kimanin kashi biyu cikin uku na wadda ake samu a bakin teku ba, jirgin kuma yana kai mutum can cikin ɗan lokaci, jiki bai samu damar sabawa ba. Ko mai cikakkiyar lafiya yana iya jin ciwon kai da jiri daga mita 2,500 zuwa sama. Ga mai sikila kuwa, ƙarancin iska da tsananin sanyi da bushewar jiki su ne manyan abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma duka ukun sun haɗu a wurin, ko da a zaune take a bayan gilashi. Hatta masu rukunin jini na AS an sha samun waɗanda saifarsu ta kamu da ciwo a irin wannan tsayi, saboda haka kai da mahaifiyarta ma maganar ta shafe ku.

Kafin ka sayi tikiti ka kai ta wurin likitan da ke duba ta, ka gaya masa ƙasar da watan da tsawon tafiyar, domin shi kansa jirgin sama iskar cikinsa daidai take da ta tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Ka karɓi takardar bayanin ciwonta da magungunanta, ka kuma tabbatar inshorar tafiyar ta ambaci sikila a rubuce. Idan likita ya amince da tafiyar, ku tsaya a garuruwan ƙasa. Interlaken tana tsayin ƙasa da mita 600, kusan daidai da garin Bauchi, kuma daga cikinta ana hango fararen duwatsun sarai. Ƙauyen Grindelwald bai kai tsayin Jos ba, kuma yakan samu dusar da yaro zai taɓa na 'yan mintoci ya koma ɗaki mai ɗumi. A Luzan ta tsakiyar ƙasar, wadda ake rubutawa Luzern, akwai jirgin ruwa mai rufi da ke zagaya tafki, da gidan tarihin sufuri da yara suke so. Ta riƙa shan ruwa ko ba ta jin ƙishirwa, a canja mata safa da zarar ta jiƙe, kuma ƙanenka ya san asibiti mafi kusa da duk inda za ku kwana. Allah ya ba ta lafiya mai ɗorewa.