Filin Tambaya da Amsa: Ko zuwa taron jin ra'ayi kan canjin yanayi yana da amfani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye na gundumar Gidan Rumji. Sau biyu ke nan ana tara mu a gindin dogon yaro domin a ji ra'ayinmu kan canjin yanayi, a rubuta sunayenmu, mu dangwala yatsa, a ba mu kuɗin mota, daga nan sai shiru. Yanzu mai gari ya ce baƙi za su sake zuwa. Maganarmu tana canza wani abu kuwa, ko in tafi gona abina?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shawararmu ita ce ka je, amma kada ka je hannu rabbana.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Paris kan canjin yanayi a 2016, kuma hukumar ƙasa ta muhalli da ci gaba mai ɗorewa, wato CNEDD, da aka kafa a 1996 ce ke daidaita manufofin ƙasa kan wannan batu, sai dai abin da zai iso ƙauyenku ba daga Yamai yake faɗowa kai tsaye ba. Yana bi ne ta tsarin raya jiha da kuma tsarin raya ƙaramar hukuma, wanda ake kira PDC, kuma aikin da bai shiga wannan kundi ba da wuya ya samu gurbi a kasafin kuɗi ko wajen ƙungiyoyin agaji. Tun da aka rusa zaɓaɓɓun majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, nauyin da kansila yake ɗauka na kai kuka ya dawo kan irin wannan zama.

Abin da ke kashe tarukan nan, a ganinmu, shi ne magana a dunƙule. Idan kowa ya tashi ya ce damina ta canza, marubuci zai sa layi ɗaya ya wuce, domin ya ji haka a ƙauyuka goma kafin naku. Ku zauna tun da dare ku tsayar da buƙatu biyu ko uku masu suna da wuri: kwazazzabon da ke yanke hanyar kasuwa duk Agusta, burtalin da gonaki suka cinye, sau nawa kuka sake shukar hatsi bana, rijiyoyin fadamar Gulbin Maraɗi da suka yi zurfi. Batun burtali yana da masu shi, wato kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, saboda haka ku nemi makiyaya su zauna tare da ku, mata kuma a ba su lokacinsu, domin su ne suka san nisan ruwa da itacen girki. Wanda gidansa ya faɗi a ambaliyar 2024 ya faɗi inda ruwan ya biyo. Ai garin Maraɗi ma ambaliyar 1945 ce ta tashe shi daga kwari zuwa tudu.

Kada ka raina abin da manomi ya sani. Sassaben zamani, wato barin tohon kututtukan gawo da kalgo da sabara a gona ana rage masa rassa, a jihar nan ta Maraɗi ya kankama a shekarun 1980, ya bazu har ya kai wajen hekta miliyan 5 a ƙasar, kuma sai a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena.

Kafin a watse, ku nemi a karanta muku abin da aka rubuta da Hausa, a bar kwafi a hannun mai gari, a kuma faɗi watan da za a dawo da sakamako. Idan watan ya wuce, ku tura mutum biyu ofishin magajin gari da wannan takarda.