Gine-gine 20, Layi Nawa Za Mu Ja?

Tambaya: Malam, ma'aikatarmu tana da gine-gine 20, muna son kwamfutocinsu su riƙa magana da juna. An ba mu shawarar a haɗa kowane gini da kowane. Ya za mu yi kuɗi ba su salwanta ba?

Amsa: Wanda ya ba ku shawarar bai zauna ya yi lissafi ba. Haɗa kowane gini da sauran 19 kai-tsaye zai ci layi 190, wato 20 sau 19 a raba biyu. Alhali layi 19 sun isa kowa ya ji kowa.

Ku fara rubuta duk hanyar da waya za ta iya bi tsakanin gini da gini, da abin da kowace za ta ci. Kada tazarar taswira ta ruɗe ku. Haƙa ce ke cin kuɗi, ba waya ba, don haka mita 80 ta ƙarƙashin kwalta na iya fin mita 200 ta cikin fili tsada. Sai ku jera hanyoyin daga mafi araha, kuna ɗauka ɗaya bayan ɗaya, kuna tsallake duk wadda za ta haɗa gine-ginen da tuni suka haɗu ta wani gefe. Wani masanin lissafi, Joseph Kruskal, ne ya wallafa wannan dabara a 1956.

Amma fa tana da aibi. Motar haƙa ta tsinke layi ɗaya, duk gine-ginen bayansa sun yanke. Maganinsa, ku ƙara layi ɗaya ko biyu da za su zagayo su rufe da'ira kan ginin uwar garke (babbar kwamfutar da sauran ke dogaro da ita) da sauran gine-gine masu muhimmanci. Layin ko-ta-kwana ya bi nasa ramin daban. In rami ɗaya suka bi, tare za su tsinke. Kuma ku kunna RSTP, tsarin da ke toshe layin ko-ta-kwana har sai babban ya tsinke, a kan suwici-suwicinku (na'urorin da layukan ke haɗuwa a cikinsu), in ba haka ba saƙonni za su yi ta kewaya da'irar har komai ya tsaya cak.

Tsakanin gine-gine, fayiba za ku ja, wato wayar zaren gilashi mai kai saƙo da haske. Wayar tagulla irin Cat6 iyakarta mita 100, kuma tana iya kwaso wutar tsawa ta ƙona na'urori. Tunda rami a buɗe yake, ku saka fayiba mai zare 12 ko da 4 kuke buƙata yau, ku binne bututu guda fanko a gefenta.

Gini mai nisa da ƙaramin aiki kuwa, hanyar rediyo ta ishe shi, muddin eriyoyin biyu suna hango juna babu bishiya ko bene a tsakani.